Gadon gado: don Allah wa ya san darajar tsofaffin kayan ɗaki?

Ɗiyar_Rafindadi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema, ku yi haƙuri zancen da ɗan tsawo.

Hajiyarmu Allah ya yi mata rasuwa watan Rajab da ya wuce, to bayan an share makoki da ɗan kwana biyu yayyenmu maza suka ce a buɗe ɗakinta a fiddo kaya a san abin da ke akwai tunda za a zauna rabo. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, Baba ya riga ta tun da daɗewa. Kun san irin ɗakin tsofaffi na cikin gari, tun ina yarinya ban taɓa ganin an gusar da komi daga inda shike ba.

Akwai gadonta na ƙarfe mai rumfa, irin dogon nan da sai an taka 'yar kujera ake hawa, kan kowace sanda akwai ƙwallo ruwan zinari, ga ƙananan madubai a wajen kai biyu sun fashe. Ta sha gaya mamu da shi aka kai ta ɗakin Baba a 1961, mahaifinta ya sawo shi Kano da kuɗin gyaɗa. Akwai kwaba mai gilashi inda take jeren kwalla da tasoshi, da keken ɗinki Singer na ƙafa, da wata kujera mai hannu ta Baba da aka buga ma N.A., wato En'e, a bayanta, da akussa uku, sai kuma wani akwatin katako baƙi ƙirin a ƙarƙashin gadon mai nauyin tsiya, sai da samari uku suka jawo shi. Shi wannan asali na kakarmu ne mahaifiyarta, kuma ba wanda ya kula shi don ba ya da wani kyau, duk ya yi dauɗa, wasu ƙusoshi ne jere a jikinshi kamar ado, ga kwaɗo an ɓatar da makullin.

Babban yayanmu ya kira wani yaro cikin masu sayen gwangwan, ya duba ya ce gado da keke da tasoshi duka zai ba da dubu ɗari da ashirin, akwatin da kwabar kuma wai sai dai ya taimaka ya kwashe mamu don itacen wuta ne. Ni kau ɗana ya hau intanet ya nuna mani gado mai kama da shi ana tallarshi a Ingila, kuɗin in aka canza ya haura miliyan. Tun ranar gidan ya rabu biyu, wasu na cewa a saida a huta wasu na cewa ana so a cuce mu, ƙanwata kuma ta ce keke dai Hajiya ta ce nata ne tun tana da rai, Yaya ya ce bai ji ba.

To ni tambayata ta ya ake gane abin da ke da daraja cikin kayan nan da wanda tsufa kawai ya yi? Wa ke yi ma irinsu kuɗi a nan Katsina? Kuma wata ta ce mu sa a goge gadon a fesa mashi fenti sai ya fi tsada, gaskiya ne?

Ɗan_Sabon_Layi

Allah ya jiƙan Hajiya. Wato gadon gado kenan kuka ci, hhh a yi haƙuri. Anti kada ku saki keken nan wlh, na ji ana cewa tsofaffin Singer akwai wani sinadari wai shi jan makuri a cikinsu, wai in ka kara waya kusa da allurar sabis ya ɗauke to akwai shi, kuma miliyoyi ake saye. Shi ya sa yaron ya haɗa da keken a cinikin, ya san abin da shike yi.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura

Hajiya ya haƙuri, Allah ya sa ta huta. Ni kafinta ne, wajen mahaifina na koya shi kuma a wokshop ɗin En'e ya yi aiki har ya aje, to katako dai na ɗan san shi.

Tun kafin komi don girman Allah kada a sa samfefa, kada a sa fenti, kada a sa banish. Na gani da idona wata baiwar Allah ta kai tsohon teburin mijinta aka goge shi tas aka fesa mashi fenti ruwan madara wai don ya saidu, wanda ke son shi ya zo ya kalla ya ce ai kun kashe shi, ya juya. Wannan baƙin da kike kira dauɗa rabinshi ba dauɗa ba ne, shekaru ne da hayaƙin turare da man hannu suka zauna, ba a iya yin shi a wokshop, kuma shi mai saye ke dubawa. Tsumma mai ɗan danshi ya isa.

Gadon, ki samo maganaɗisu ko na bayan tsohuwar lasifikar rediyo ne, ki bi shi gaɓa gaɓa. Inda ya kama ƙarfe ne, ko da kin ga shina ƙyalli to ruwan tagulla aka yi mashi a sama. Inda ya ƙi kamawa tagulla ce ta gaske. Yawancin waɗanda na gani a gidajen cikin gari sandunan ƙarfe ne, ƙwallayen kai da zobban ado su ne tagulla, ban cika ganin wanda duk jikinshi tagulla ne ba. Sannan ki duƙa ki dubi inda ƙarfen gefe ya haɗu da ƙafar gado. Tsofaffin da aka shigo da su daga waje wani kai ne na zubi ke zamewa cikin rami, a buga da guduma ya zauna daram, ba noti ba walda. Gadon Vono da muke ce ma bono shi noti gare shi har da sifanarshi. In kau kika ga ɗigo-ɗigon walda to ko dai aikin masu walda ne na nan gida, ko ya taɓa karyewa an gyara.

Kwabar kuma ki sa a juyo bayanta, baya da ƙasa su ke faɗin gaskiya, gaba kwalliya ce. In bayan filawud ne, ko saman an liƙa fomeka, ko kin ga inda ruwa ya taɓa ya kumbura shina zubar da gari, to ba ta kai tsufan da kuke zato ba, irin ta zamanin Gowon zuwa Shagari ce. Ki jawo durowa ki dubi kusurwa, in an yanka katakon kamar haƙora an cusa cikin ɗan'uwanshi kuma haƙoran ba su zo daidai da juna ba wani babba wani ƙarami, aikin hannu ne na kafintan da ya san abin da shike yi. In ƙusa aka buga kawai to aikin kasuwa ne. Sukuru ma na magana, na da tsaga ɗaya gare shi a kai, mai alamar giciye sai wajen 1936 aka fara aiki da shi a masana'antun Amurka, kafin ya zo hannun kafintocinmu kau an daɗe ƙwarai. Amma kada sukuru ɗaya ya ruɗe ki, ana iya canza hinji a sa sabo a jikin tsohon kaya.

Yanzu akwatin. Ni fa duk cikin abin da kika lissafa shi ya tsaya mani a rai. Katakon da samari uku ke ja, ya shekara aru-aru a ƙasan gado a ɗakin ƙasa gara ba ta cinye shi ba, wannan ba farin katako ba ne irin su afara ko malaina. Ki sa a kwantar da shi, a can ƙasa inda ido bai kai ba ki ɗan kankare wuri kamar girman farce da wuƙa. In ya fito ja-ja to maɗaci ne ko ɗan'uwanshi na kudu. In ya yi duhu ga tauri wuƙa na zamewa, ina zaton kirya, irin wadda ake sassaƙa turmi da ita. Akwai ƙawo, akwai madobiya, akwai loko da ake kawowa daga kurmi. Ki shafa cikin murfin da tafin hannu, in kin ji 'yan kwarmi-kwarmi kamar an ɗiba da cokali sawun gizago ne, wato masassaƙi ya yi shi ba inji ba. In kin ga layuka masu lanƙwasa kamar baka, zarton inji ne. Ƙusoshin ma ki duba, na maƙera kawunansu ba su zuwa iri ɗaya kuma jikinsu mai kusurwa huɗu ne.

Kuma kada a fasa kwaɗon da guduma a ɓalle katakon, a kira mai gyaran makulli ya buɗe a hankali. Yaron da ya ce itacen wuta ne, ki tambaye shi mi ya sa zai ɗauki wahalar kwashe itacen wuta kyauta.

Tsohon_Hedimasta_Daura

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙurin rashi.

Malam kafinta ya gama magana a kan katako, ba ni da abin ƙarawa. Ni abin da zan taimaka da shi shi ne shekaru, don na daɗe ina sha'awar irin waɗannan kaya, nawa na gidanmu ma ban bari an watsar ba.

Ki fara da tunanin yadda kayan suka iso. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma bayan nan ne kayan Turai masu nauyi irin gadon ƙarfe suka fara yawa a ƙasar nan, ta hannun kantunan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC, ita UAC ɗin ma sai 1929 aka kafa ta. Daga Kano a ɗoro wa raƙumi ko jaki, daga baya mota, zuwa Katsina da Daura. Saboda haka duk wanda ya ce miki gadon ƙarfe a gidan talaka ko ɗan kasuwa ya yi shekara ɗari biyu a garin nan, ki yi murmushi kawai. Naki kuwa an ma faɗa miki shekararsa, 1961. In sabo aka saye shi to ya ba sittin baya kenan. Wanda ɗanki ya gani a intanet mai yiwuwa na zamanin Sarauniya Victoria ne, wadda ta rasu a 1901, lokacin da garin Birmingham ya shahara da ƙera gadajen tagulla. Kama da wane ba ta wane.

Ki nemi tambari. A jikin ƙarfen gefe ko mahaɗar gado wani lokaci akan ga Rd da lamba a gabansa, lambar rajistar zane ce ta Ingila, an fara irinta a 1884, kuma daga lambar ana gane shekarar da aka yi wa zanen rajista. Amma ki lura, shekarar zane ce ba shekarar da aka ƙera naki ba, ana iya shekara talatin ana buga zane ɗaya. Kwalla da kwanonin sha ki kifa su ki karanta gindin. Wanda aka rubuta Czechoslovakia an yi shi tsakanin 1918 da 1992 don ƙasar ba ta wuce nan ba, wanda aka rubuta West Germany tsakanin 1949 da 1990. Tasoshin tagulla masu zanen da aka buga da hannu kuwa da yawansu aikin Nufawan Bida ne, waɗannan kada a kuskura a ɗora su a sikeli.

Keken Singer yana da lamba a gindinsa ta gaba hannun dama, haruffa ɗaya ko biyu sannan lambobi, ɗanki zai iya nemo shekarar da ita. Yawancin waɗanda suka zo mana daga masana'antar Clydebank ta Sikotland suka fito, an rufe ta a 1980. Sai dai an ƙera su miliyoyi, ba abu ne mai wuyar samu ba, darajarsa ita ce in yana ɗinki. Maganar jan makuri da yaron can ya kawo, ɗana ka bar ta. Wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya a 2009, mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekuna da kuɗi masu yawa har ana fasa shagunan teloli, ƙarshe ba wanda ya fitar da komai daga ciki. Ƙarfen zubi ne da man keke.

Kujerar da aka buga wa N.A. kayan ofishin En'e ce, akan ga irinta da PWD ma, wato ma'aikatar ayyuka ta gwamnati. Wajen 1976 da aka yi gyaran ƙananan hukumomi zancen En'e ya ƙare gaba ɗaya, to ta girmi nan. Ba lallai ta yi tsada ba amma tana da labari, in kun san ofishin da mahaifinku ya zauna ku rubuta ku ajiye tare da ita.

Akwatin kuwa ƙusoshin adon da kika ambata su suka sa ni tunani. In tagulla ne kuma an jera su da tsari, akwai irin sanduƙan da ake yi a Indiya a kai ƙasashen Larabawa, alhazan da da suka bi ta Sudan sukan dawo da su. Ki tambayi tsofaffin gidanku ko wani cikin kakanni ya yi hajjin ƙasa. In an buɗe kada a zubar da ko ƙyalle, musamman takardar da aka shimfiɗa a ƙasa. Na taɓa gane shekarun wani akwati da guntun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka liƙa a murfin, ita kuwa an fara buga ta a Zariya a 1939.

Abu na ƙarshe, akwai doka. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ce kayan sassaƙa ko ƙira na gida da aka yi kafin 1918, irin su ƙyaure da akushi da ganga da rubutun hannu, kayan tarihi ne, ba a cinikinsu da kowa sai wanda hukuma ta amince masa, ba a kuma fita da su ƙasar waje ba takarda. Gadon Ingila da keke ba su shiga nan ba, amma akwatin da akussan suna iya shiga. Gidan tarihi na nan garinku a tsohon ginin Kwalejin Katsina, ki ɗauki hotuna ki je ki nuna musu. Ba za su yanka miki kuɗi ba, ba aikinsu ba ne, amma za su iya gaya miki mene ne a hannunki.

Maman_Ilham_Kayan_Ɗaki

Allah ya jiƙanta da rahama 'yar'uwa. Ni uwata dillaliya ce shekara da shekaru, a bayanta na tashi ina riƙe mata ƙulli gida gida, yanzu ni ma ina taɓawa, to bari in gaya maki ta kasuwa don su Baba sun gaya maki ta ilimi.

Kowane tsohon kaya kuɗi uku gare shi. Akwai kuɗin kilo, shi ne na ɗan gwangwan, shi ba ruwanshi da 1961 ƙarfe ya gani, kuma ya san kilon tagulla ya ninka na baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba shi ya sa ya cusa tasoshin cikin jimla. Akwai kuɗin amfani, wato abin da tela zai biya ya sa keken a shago, ko wata a ƙauye ta sayi kwabar ta yi jere. Sai kuɗin marmari, wanda mai son kayan da ke biya don ranshi ya so, kuma shi wannan na ukun shi kowa ke mafarki amma mai biyanshi bai zuwa kullum, kina iya shekara kina jira.

Wancan na intanet da ɗanki ya nuna maki kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka sallama ba, ni ma ina iya cewa zanen jikina miliyan ne ai baki ne. Kuma can shike a Ingila an gyara shi ga masu saye a kusa, ke naki shina Rafindadi da fasassun madubai, wa zai biya kuɗin kai shi? Kada wannan ya raba ku da 'yan'uwanki wlh, na ga gidan da aka daina gaisawa kan kwalla.

Masu saye na marmari a nan su ne masu kwalliyar biki, yanzu da amare ke son ranar gargajiya a jera masu kwalla da tasoshi da akushi da gado mai rumfa a yi hoto, sai masu otal da gidajen abinci, sai 'yan Kasuwar Kurmi ta Kano da ke saye su kai Abuja. Ni da nawa ne ma ba zan saida gadon ba, haya zan riƙa ba masu kwalliya, amma kayan magada ne ba a wannan sai kowa ya yarda.

Dabarar mai saye guda biyu ce, ya kushe kaya sannan ya ce a yi jimla. To ku ƙi jimla. Kowane abu shi kaɗai, kwalla ma saiti saiti, mai murfinta daban wadda ta ɓantare daban. Ku kira mutum uku waɗanda ba su san juna ba, kuma kada su zo rana ɗaya don in suka haɗu a zaure sun gama da ku. Duk wanda ya taya ki ce albarka ki rubuta a takarda. Kuma wanda kuka kira ya yi ƙiyasi ku biya shi ladanshi ku gaya mashi tun farko ba shi zai saya ba, in ba haka ba zai karya kuɗin ne don ya ɗauka. In dillaliya ce ku yanke la'adarta kafin ta fita da ko murfi.

Almajirin_Masanawa

Allah ya jiƙan mahaifiya. Hajiya ni ta ɓangaren rabon zan ɗan yi magana, sauran na bar ma masu shi.

Kayan ɗakin uwa ba na 'ya'ya mata ba ne su kaɗai kamar yadda aka saba a wasu gidaje, dukiyarta ce, duk magada na da haƙƙi a ciki har cokali. Bayan an biya bashi in akwai, an fitar da wasiyya in ta yi wadda ba ta wuce sulusi ba, in ku bakwai ɗin ne kaɗai magada to kashi goma ne, kowane namiji biyu kowace mace ɗaya. Kuma ba dole sai an saida ma bare ba. Ana yi ma kowane abu kuɗi da adalci, wanda ke son gadon ya ɗauka a cire daga rabonshi, in ya fi rabon nashi ya cika ma sauran. Shi ya sa ƙiyasin ke da muhimmanci, in aka yi da kuɗin ɗan gwangwan an zalunci waɗanda ba su ɗauka ba, in aka yi da na intanet an zalunci wanda ya ɗauka.

Keken, a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta na cika ne in wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu. In Hajiya ta faɗa da baki amma keken na ɗakinta har ta cika, ya koma gado. In kuma cewa ta yi bayan raina na wance ne, wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran sun yarda. Amma ku Katsinawa ne, ɗakin kara, in kowa ya yafe mata ba wanda ya hana.

Wadda ba ku lura da ita ba ita ce kujerar. Ta mahaifinku ce. In lokacin rabon gadonshi an bar ma Hajiya ita cikin tumuninta ko an yafe mata, to tata ce. In kau mantawa aka yi da ita a ɗaki, tana nan a dukiyarshi, kuma in shina da 'ya'ya a wani ɗakin su ma da haƙƙinsu. A tambayi waɗanda suka zauna wancan rabon.

Ɗiyar_Rafindadi

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya jiƙan magabatanku. Baba Hedimasta ranka shi daɗe, Allah gafarta Malam na gode, maganar kujerar nan ta sa jikina ya yi sanyi don kau muna da 'yan'uwa biyu 'yan ɗakin marigayiya abokiyar zaman Hajiya kuma ba wanda ya tuna da su, na gaya ma Yaya ya yi shiru ya ce zai kira su.

Malam kafinta na yi abin da ka ce. Maganaɗisun ya kama sandunan gadon gam, bai kama zobban ba, ƙwallayen kai uku bai kama ba amma na huɗun ya kama, ashe canji ne, sai yanzu da na ƙura ido na ga ya ɗan fi sauran ƙanƙanta. Mahaɗar irin mai zamewa ce ba noti, wajen ƙafa ɗaya akwai walda. Kwabar dai filawud ce a baya, har na ji kunya yadda nike ta kare ta. Keken ɗana ya duba lambar ya ce na 1950 da wani abu ne, an sa mashi mai shina ɗinki lafiya lau, mu mata mun ce mun yafe ma ƙanwarmu, saura maza biyu ba su ce komi ba tukunna.

Akwatin an buɗe jiya. Ƙusoshin maganaɗisu bai kama su ba. Na kankare ƙasan kamar yadda ka ce, ba ja ba ne, ruwan ƙasa-ƙasa ne mai ɗan haske kuma kamar da maiƙo-maiƙo a jikinshi, cikin kau sumul ba kwarmin gizago, har da wani ɗan ƙaramin aljihu mai murfi ta gefe. A ciki mun tarar da saƙi guda biyu da tsakiya da wasu aninai masu huji, sai wata takarda da aka naɗe cikin fata rubutun ajami ne, na iya karanta fam uku da sule goma da kuma wata kalma kamar Sawakin, garin nan na bakin teku a Sudan da alhazai ke bi, sauran tawadar ta dushe. Gwaggonmu da ta rage ta ce ai mahaifin kakarmu ya yi shekara bakwai a hanyar Makka, ita tana jin ana faɗi amma ba ta san da akwatin ya dawo ba ko a'a.

Yaron gwangwan ya dawo yau da safe ba wanda ya kira shi, wai ya ƙara dubu talatin in za a haɗa mashi da itacen wutar. Na ce mashi albarka. Shi kuma Yaya da ya ce a kwashe, yanzu cewa shike shi zai ɗauki akwatin a rabonshi, a yi mashi kuɗi.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura

Hajiya wannan maiƙon da kika ji da kalar da kika faɗa ba kirya ba ce ba kuma maɗaci ba, ya fi kama da katakon tik na Indiya, ga dukkan alamu Baba Hedimasta ya canka. Amma ba na yanke hukunci ban taɓa da hannuna ba. Takardar nan kada a sa mata gam ko salatif, kada a kai ta a liƙe da leda, a sa ta tsakanin farar takarda biyu cikin littafi, ki ɗauke ta hoto da rana kafin a yi ta yawo da ita hannu hannu. Kuma kada a yi ma akwatin kuɗi wannan satin duk yadda Yaya ya matsa, a fara kai hotunan gidan tarihi tukunna. Ki ɗauko mani hoton kusurwar murfin ta ciki da ta ƙasan, ina son in ga haɗin.